Karofi da baje kolin sana'o'in hannu: Abin da ya kamata mai ziyara ya sani

A Ƙaramar Hukumar Dutsin-Ma da ke tsakiyar Jihar Katsina akwai gari mai suna Karofi, wanda mazaɓu biyu suke amsa sunansa, wato Karofi A da Karofi B. A cikin ƙaramar hukumar kuma akwai wata mazaɓa da ake kira Maƙera. Matafiyan da ke ratsa yankin, da ma'aikatan da ke rubuta waɗannan sunaye a takardun ofis, ba su cika tsayawa su tambayi ma'anarsu ba. Karofi a Hausa shi ne filin da rijiyoyin rini suke, wato marina. Maƙera kuwa wurin ƙira ne. Haka abin yake a birnin Kano, inda unguwanni irin su Karofin Zage da Dukawa da Soron Ɗinki suke ɗauke da sunayen sana'o'i har yau.

Irin waɗannan sunaye suna tuna wa mai lura cewa sana'ar hannu a ƙasar Hausa masana'anta ce da ta ciyar da garuruwa, tun kafin a mayar da ita kayan kallo a rumfunan baje koli. Saboda haka duk wanda ya shiga wurin baje kolin kayan gargajiya, ɗan kasuwa ne ko ma'aikacin gwamnati, akwai tambayoyi biyu da suka cancanci ya riƙe: shin ya fahimci abin da yake kallo, kuma shin mai sana'ar zai koma gida da ciniki ko kuwa da tafi da hotuna kawai?

Aikin da ake yi a karofi

Rini da baba aiki ne mai tsari da haƙuri. Ana noma baba, a yanke shi, a sarrafa ganyensa a busar. Rijiyar rini kuwa ana haƙa ta da zurfin da ya wuce tsawon mutum, sannan a shafe cikinta da laso don kada ruwa ya tsiyaye. Shi kansa lason daga marina yake fitowa: ana kwashe katsin da ya kwanta a gindin tsohuwar rijiya, a ƙona shi, a haɗa da gashin dabbobi da ruwan dafara, sai ya zama siminti mai hana ruwa wucewa. Magina ma suna amfani da shi wajen shafe soraye.

Marini yakan zuba ruwa da baba da toka da katsi a rijiyar, ya bar su kwanaki har su ruɓe, yana motsawa da muciya. Idan ruwan ya nuna, sai a fara tsoma tufa. Abin da ke ba baƙo mamaki shi ne, tufar takan fito da launin kore-kore, sai iska ta buge ta sannan ta koma shuɗiya. Yawan tsomawa da fitarwa shi ke ƙara duhun launi. Daga nan aiki ya koma hannun masu bugu, waɗanda ke shimfiɗa tufar a kan gungume suna dukan ta da mabuga, wani lokaci da ƙarin garin shuni, har ta riƙa ƙyalli.

Kafin tufa ta kai ga marini, ta riga ta ratsa hannuwa da yawa. Manomi ya noma auduga. Mata sun gurje ta da magurji sun fitar da angurya, sun shiɓe ta, sun kaɗa zare da abawa da mazari. Masaƙi ya yi wadari, ya ɗaure bakin zaren a jikin kunkuru, ya zauna yana wurga ƙoshiya. Maɗinki ya harhaɗa tsirin saƙar da ake kira ƙwarya ya mayar da su zane ko riga. Riga guda ɗaya ke nan ta samar wa gidaje da dama abinci, kuma wannan sarƙa ita ce ainihin abin da kalmar karofi take nuni gare shi.

Girman kasuwar jiya da yadda ta ja baya

Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya ratsa Katsina da Kano a farkon shekarar 1851. A ƙiyasinsa, rinannun tufafin da ake fitarwa daga Kano zuwa Tambutu kaɗai sun kai aƙalla kayan raƙumi 300 a shekara, waɗanda kuɗinsu ya kai wuri miliyan 60. Turkuɗin da ake yi a Kura ya zama rawanin Buzaye a cikin Sahara. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, ita ce ta fi shahara cikin waɗanda suka rage, amma a wancan zamani rijiyoyin rini sun bazu a ƙauyuka da garuruwan Kano da Katsina da Zazzau, kusa da gonakin auduga da na baba.

Abubuwa da dama ne suka taru suka raunana wannan masana'anta. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, wanda ya fi baba sauƙin aiki. A 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano, ya buɗe hanyar shigo da yadin Ingila da fitar da ɗanyar auduga. Kamfanin auduga na Turawa da aka sani da BCGA ya kafa injinan gurza a garuruwa irin su Funtuwa da Malumfashi, audugar da a da take tafiya hannun masu kaɗi ta fara kama hanyar tashar jirgi. Daga baya masaƙun zamani suka zo, aka buɗe ta farko a Kaduna a 1957, su ma suka yi zamaninsu, yawancinsu suka durƙushe. A yau atamfa da shadda da ake shigowa da su daga Asiya, da gwanjo, su suka cika Kantin Kwari da kasuwannin ƙauye.

Duk da haka sana'ar hannu ba ta mutu ba. Ta koma ɓuya a inda inji bai iya maye gurbinta ba: ɗinkin hula, aikin babbar riga, kayan doki, tabarmar kaba, faifai, tukunyar ƙasa, turmi da taɓarya, fartanya da lauje. Waɗannan su ne kayan da mai ziyara yake tararwa a rumfar baje koli.

Lifidi da bargon haɗe-haɗe

A Ingila da Amurka akwai al'adar shirya baje koli na musamman don wani irin bargo da mata suka fi ɗinkawa. Bargon hawa uku ne: a sama ƙyallaye ne masu launi daban-daban da aka yanka aka harhaɗa bisa zane, a tsakiya auduga, a ƙasa kuma shimfiɗar yadi guda, sannan a bi duka ukun da ɗinki don kada audugar ta dunƙule. Sau da yawa ana yin irin wannan taro a tsofaffin gidajen masu sarauta da ke karkara, inda ake da manyan zauruka da fili. Gidan tarihin kayan Amurka da aka buɗe a 1961 a gidan Claverton, kusa da birnin Bath, ya yi suna da tarin irin waɗannan barguna. A Birmingham kuma tun 2003 ake gudanar da babban bikinsu duk shekara.

Wannan fasaha ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe, domin ita ce ta lifidi. Lifidi rigar kariya ce ta doki da mahayinsa, wadda ake cusa wa auduga ko audugar rimi tsakanin yadi biyu a bi da ɗinki, kuma sau da yawa akan yi samanta da ƙyallaye masu launin ja da fari da shuɗi da rawaya. Littafin Tarihin Kano ya ambaci Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, a matsayin wanda ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Kaurinsa yakan tare kibiya, ko da yake wuta ce babbar abokiyar gabarsa. Yaƙi da doki ya wuce, amma 'yan lifida suna nan a hawan Sallah.

Abin koyi daga baje kolin Turawa shi ne tsarinsa. Kowane bargo yana rataye da sunan wadda ta ɗinka shi da garinsu. Akwai alƙalai masu duba kyawun ɗinki su ba da kyauta. Akwai rumfunan sayar da yadi da zare da allura, da azuzuwan koyarwa, kuma mai shiga yana biyan kuɗin ƙofa. Labarin matan Gee's Bend, wani ƙauyen baƙaƙen fata matalauta a Jihar Alabama, ya nuna abin da suna ke jawowa. Sun daɗe suna ɗinka barguna da tsummokaran kayan aiki don maganin sanyi. Da aka baje aikinsu a gidan adana zane-zane na Houston a 2002 da sunan kowace mace, sai darajarsa ta tashi, har hukumar gidan waya ta Amurka ta buga hotunan bargunan a kan kan sarki a 2006.

Baje kolin da ake da su tun asali

Yankin Dutsin-Ma da Kurfi, kamar sauran ƙasar Hausa, yana da nasa wuraren nuna gwaninta tun kafin a san kalmar baje koli. Na farko shi ne kasuwar mako, inda kowace sana'a take da layinta, mai saye kuma yana iya kwatanta aikin mutum biyar a tsayuwa ɗaya. Na biyu shi ne jeren amarya. A da ɗakin amarya yana cike da ƙore da aka yi wa zane, da faya-fayai, da tabarmi, da gwado, mata kuma su shigo su duba su yaba ko su kushe. Da kwanon sha da tangaram da kabet suka karɓe jere, masu sassaƙar ƙwarya da masu saƙar faifai sun rasa babbar kasuwa. Na uku shi ne hawan Sallah, inda hakimai irin su 'Yanɗakan Katsina, Hakimin Dutsin-Ma, da Maraɗin Katsina, Hakimin Kurfi, suke shiga birni da tawagarsu. Sirdi da linzami da jalala da alkyabba da rawani da ake gani a ranar aikin dukawa ne da maƙera da maɗinka. Hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake kiyayewa a watan Disambar 2024.

A ɓangaren hukuma kuwa, akwai bikin nuna al'adu na ƙasa, NAFEST, da aka fara a 1970 bayan yaƙin basasa, wanda jihohi suke karɓar baƙuncinsa bi da bi. Akwai kasuwar baje koli ta duniya da ake yi a Kaduna. A Katsina, gwamnatin Ibrahim Shehu Shema, wanda ɗan Dutsin-Ma ne kuma ya yi mulki daga 2007 zuwa 2015, ta kafa ƙauyen koya wa matasa sana'o'i. Gidan tarihin da ke cikin ginin tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, yana adana samfurin kayan da. A maƙwabta kuma, birnin Wagadugu na Burkina Faso yana shirya baje kolin SIAO tun 1988, Yamai tana da SAFEM na mata masu sana'a, kuma a gidan tarihin ƙasa na Yamai masu sana'a suna zaune suna aiki suna sayarwa a gaban baƙi.

Bambancin da ke tsakanin waɗannan tarurruka yana ga wanda aka shirya su dominsa. Inda aka shirya taro don manyan baƙi, akan kwaso kaya daga ma'ajiyar ma'aikata a jera, babban baƙo ya zagaya, a ɗauki hoto, a mayar da kayan. Inda aka shirya shi don ciniki, mai sana'ar da kansa yake tsaye a rumfa, da farashi a bakinsa da littafin rubuta oda a hannunsa.

Yadda ake duba aikin hannu

Mai ziyarar da ke son ya bambance aikin hannu da na inji sai ya fara da juya kayan. Bayan hula ko bayan aikin riga shi ke faɗin gaskiya. Ɗinkin inji daidai yake tun daga farko har ƙarshe, kuma akan ga zaren ƙasa mai launi ɗaya ya bi bayansa. Ɗinkin hannu yana da ɗan bambanci tsakanin taki da taki, ana kuma ganin inda zare ya ƙare aka ɗaura wani. A babbar riga, zanen aska biyu ko aska takwas da ke gefen aljihu, da tambarin da ke ƙirji da baya, su ne ma'aunin gwanintar maɗinki, musamman ƙananan ramukan da ake zagayewa da zare ɗaya bayan ɗaya.

A saƙa, sai a nemi layin da aka haɗa ƙwarya da ƙwarya. Saƙar maza siririya ce, faɗinta 'yan yatsu kaɗan, don haka yawan ƙwarya a riga alama ce ta yawan aiki. Saƙar mata ta tsaye ta fi faɗi. Zaren da aka kaɗa da hannu yana da kauri da siranta a wurare, ba kamar na kanti ba. Saƙi ana gane shi da ɗigo-ɗigonsa mai kama da jikin zabo, tsamiya kuwa da launinta na ƙasa-ƙasa, domin zarenta daga saƙar wata tsutsa ake samun sa.

Rinin baba yana da ƙamshinsa, kuma wanda aka buga da shuni yakan bar shuɗi a yatsa. Wannan ba aibi ba ne, masu sayen turkuɗi ma abin da suke nema ke nan. A kayan fata, jimar gargajiya da bagaruwa ake yin ta, jan launi kuma daga karan dafi yake fitowa. Fatar jar akuya da aka jeme ta wannan hanya ita ce ta ratsa Sahara ta isa Turai, inda aka riƙa kiran ta fatar Maroko. Idan jaka ko takalmi ya yi santsin roba, gefensa kuma ya nuna zaren yadi a ciki, to leda ce aka yi wa kamannin fata.

Tambaya ma hanya ce ta dubawa. Wa ya yi wannan aiki? A wane gari? Kwana nawa ya ɗauka? Idan ana son guda hamsin iri ɗaya, yaushe za a samu? Wanda ya yi aikin da hannunsa zai amsa nan take. Wanda ya saro kuwa zai fara kame-kame.

Inda kuɗin yake tsayawa

Hula mai cikakken aiki tana cin makonni, babbar riga kuma tana iya cin watanni. Da yawa daga masu ɗinkin hula da saƙar faifai da tabarma mata ne da ke cikin gida, waɗanda ba sa zuwa kasuwa. Kayansu yana fita ta hannun yara ko dillaliya, ya isa ga mai sari, daga nan ya kai shagon birni. A kowane mataki ana ɗora riba, ita kuwa mai aikin sau da yawa ladan ɗinki kawai take karɓa, domin wanda ya kawo yadi da zare shi ke da hular. Rashin jari shi ke sa ta sayar da wuri ko da farashi bai yi ba, kuma adashi ne bankinta.

Wannan shi ya sa tayin wulaƙanci a rumfar baje koli yake da illa. Ma'aikacin da ba ya neman ragi a babban kanti, idan ya zo gaban mai tabarma sai ya raba kuɗin biyu. Ga ɗan kasuwa kuwa, damar da ke nan a fili take. Otal-otal da ofisoshi da masu shirya biki suna neman kayan ado da na kyauta, masu saye daga waje kuma suna neman kayan da aka san asalinsu. Abin da ke hana cinikin ɗorewa shi ne rashin daidaiton awo da saɓa alkawarin lokaci. Ɗan kasuwar da ya ba da kafin alƙalami, ya tsayar da awo, ya kuma yarda a rubuta sunan mai aikin a jikin kaya, ya sami abin da mai shigo da kwantena ba shi da shi.

Abin da baje kolin yanki yake buƙata

Ba za a yi maganar tara jama'a a tsakiyar Katsina ba tare da ambaton tsaro ba. Dutsin-Ma da Kurfi suna maƙwabtaka da Safana da Batsari, yankunan da suka sha fama da 'yan bindiga. A watan Satumbar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Dutsin-Ma da Kurfi, an kuma taƙaita wasu harkokin kasuwanni. Duk lokacin da hanya ta zama abin tsoro, mai sari ba ya shiga ƙauye, mai kaba ba ya shiga daji yankan kaba, tsohon da ya iya sana'a kuma yakan yi gudun hijira ya bar kayan aikinsa. Sana'ar da ake koya ta hanyar zama kusa da gwani, idan tsara ɗaya ta tsallake ta, dawo da ita yana da wuya.

Ga wuraren da za su iya ɗaukar taro, Dutsin-Ma ba ta rasa ba. Tana da Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, tana da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ga kuma ƙofar fadar hakimi. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka, sa'ad da manomi ya sami kuɗi, masu sana'a kuma suka dawo daga gona suka zauna aikin rani. Kuɗin da za a kashe a kan rumfar manyan baƙi ya fi amfani idan aka biya wa masu sana'a motar kawo kaya daga Karofi da Maƙera da Kuki da ƙauyukan Kurfi. A rubuta sunan kowane mai aiki da garinsu a jikin kayansa. A ware wa mata wuri da wakilan da suka amince da su. A gayyato 'yan kasuwa daga Katsina da Kano da Maraɗi tun kafin ranar. Ɗaliban jami'a kuma su ɗauki bayanin tsofaffin gwanaye, da sunayen zane-zane da kayan aiki, a adana.

Ma'aikatu da ƙananan hukumomi suna da rawar da ba ta buƙatar sabon kasafi. Duk shekara suna sayen jakunkunan taro da kyaututtukan ban kwana da kayan adon ofis, yawanci na waje. Idan aka karkata wani kaso na wannan saye zuwa ga dukawa da masaƙa da maɗinkan jihar, aka kuma biya su a kan lokaci, oda guda ɗaya za ta iya riƙe mai sana'a da yaransa tsawon rani.

Ma'aunin nasarar irin wannan taro mai sauƙi ne, kuma ana iya ɗaukar sa wata uku bayan an watse: masu sana'a nawa ne suka sami sabon mai saye, oda nawa aka cika, yara nawa suka zauna koyo. Idan alƙaluman suka yi kyau shekara bayan shekara, yaron da ya tashi a Karofi zai iya sanin ma'anar sunan garinsu ta hanyar ganin aikin da idonsa.